Birkin Kwaɗo

Litinin, 3 ga Maris

Takardar ta fito. Shafi goma sha ɗaya, a mujallar da ni na koya mata yadda ake aika mata takarda. Ban ma san da ita ba sai da Shugaban Sashe ya tare ni a bakin matattakala da murmushin nan nasa mai santsi, wai ko na ga aikin tsohuwar ɗalibata, ai abin alfahari ne. Alfahari! Na hau ofis na buɗe na karanta a tsaye, jakata ma ban sauke ba.

Uwar-iyayi, tsohuwar ɗalibar tawa ke nan, ta ce ta maimaita gwajina a kan kwaɗi arba'in, ba ta ga abin da na gani ba. Ta ce "cikin girmamawa". Sau uku na ƙirga "cikin girmamawa". Yarinyar da ta zo min ba ta iya ko riƙe kwaɗo ba, ranar farko ya yi mata fitsari a hannu ta ƙwalla ihu ta yar da shi. Shekara biyar ina goye da ita. Yau ita ce za ta gaya wa duniya wai birkin kwaɗo babu shi.

Ban ci abincin rana ba, shayin ma a kan tebur ya huce.

Talata, 4 ga Maris

Hannunta ne. Tun tana nan hannunta rawa yake yi, gefe take ƙonawa ta bar wurin.

Alhamis, 6 ga Maris

Wasiƙar edita. Ya ba ni zuwa 30 ga Afrilu: ko in kawo amsa da hujja, ko su liƙa wa tsohuwar takardata sanarwa cewa akwai shakka a kanta. Takardar da aka ba ni farfesa saboda ita. Wannan editan yana aji nawa lokacin da na rubuta ta?

Bari in shimfiɗa abin a nan yadda zan shimfiɗa masa, ko zuciyata ta ɗan sauka.

Kwaɗo ba ruwansa da abin da ba ya motsi. Ana zaunar da shi cikin kofin gilashi a tsakiyar tebur, a riƙa zagaya masa ɗan baƙin kwali mai tsawon gaɓar yatsa. In kwalin a kwance yake tafiya, kamar tsutsa, zai juyo ya bi shi ya kai cafka. In aka miƙar da kwalin nan dai a tsaye, sai ya ƙame, wani ma ya sunkuyar da kai ya kumbura. Wannan an san shi tun kafin in shiga jami'a. Nawa shi ne na samo wani ɗan gungun ƙwayoyi a can ƙasan ƙwaƙwalwa, bai fi ƙwayar yashi ba. In na ƙona shi da siririyar waya mai wuta, na bar kwaɗon ya yi mako uku ya warke, sai ya riƙa kai wa kwalin tsaye cafka. Waɗanda na buɗe wa kai kawai na rufe ban ƙona komai ba, ba sa yi. Na ce wurin nan birki ne, shi ke hana kwaɗo afka wa abin da ba abinci ba.

Kwaɗi sittin da uku, shekara ashirin da huɗu da suka wuce. Kuma tun daga nan babu ɗalibin da ya ratsa ɗakina bai gani da idonsa ba. Har ita. Ta gani, ta rubuta, ta sami digiri da shi.

Zuciyar ba ta sauka ba.

Asabar, 8 ga Maris

Maigidana Injiniya yana kwance a ƙarƙashin famfon kicin da ba abin da ya same shi. Tun da ya yi ritaya babu famfon da ya huta a gidan nan. Ina ta faɗa ina yanka albasa, shi yana "uhm, uhm". Can sai ya ce, 'yar taki ba ta neme ki ba kafin ta buga? Na ce ba 'yata ba ce, kuma ba ta neme ni ba.

To, a nan dai zan faɗi gaskiya. Saƙo uku ta turo bara. Ban buɗe ko ɗaya ba, kuma ba zan buɗe ba. Wadda ta koma ɗakin gwajin wasu don suna da sababbin injuna, ba ta gaya min ba sai da ta riga ta sa hannu, ta zo tana murza gefen mayafi wai tana neman albarkata. Me za ta rubuto min da zan karanta?

Shi dai ya ci gaba da ɗaure abinsa. Na tsani shirun nan nasa.

Talata, 11 ga Maris

An kawo kwaɗi goma sha biyu. Da hannuna zan maimaita, in ɗauki hoto, in aika wa edita, kowa ya kama bakinsa. Shida na ƙona, shida na buɗe na rufe.

Rabona da zama gaban madubin ƙara girma da waya a hannu shekara bakwai, ɗalibai ke yi ina dubawa. Na farko ya ci min minti hamsin. Na shida, minti goma sha takwas. Hannun yana nan, bayan ne ya tafi.

Baba Mai-kwaɗi ne ya taya ni, kamar kullum. Shekara ashirin da shida yana kula min da ɗakin nan, shi ne wankin akwatuna, shi ne kiwon tsutsa, shi ne ciyarwa. Duk wanda na gama sai ya karɓe shi da hannu biyu ya kwantar a kan jiƙaƙƙen tawul yana ce masa sannu ɗan'uwa. Ya ce ya ji ana ƙananan maganganu a wajen masu shara, wai an ƙaryata mu. Na ce ba wanda ya isa. Ya ce ai ya sani.

Juma'a, 14 ga Maris

Taron sashe. Ina shiga aka yi tsit, sai kowa ya tuna yana da waya. Wancan mai binciken kifin, wanda shekara goma bai buga ko layi ɗaya ba, har da dafa ƙirji yana ce min sai haƙuri. Wa ya mutu?

Laraba, 19 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Ƙarfe tara nake zuwa aiki. Da can saboda kai yara makaranta ne, daga baya ya zama jiki. Yau na gaji da juyi a gado, na fito da wuri, shida da rabi ina bakin ɗakin kwaɗi. Ƙofa a buɗe, fitila ɗaya a kunne.

Baba yana zaune a kan 'yar kujerarsa, ya naɗe hannun riga, lamba uku tana kan tawul a cinyarsa. Cikin waɗanda na ƙona ce. Ya kamo tsutsa ta wutsiya da yatsu biyu, tana reto, yana kai ta hagu yana kai ta dama a gaban hancin kwaɗon a hankali, yana cewa haba 'yar'uwa, daure ki ci. Ta daɗe tana kallo. Sai ta kai cafka.

Tsutsar a tsaye take. Tana reto daga yatsunsa, a tsaye, tana tafiya gefe zuwa gefe, daidai yadda nake zagaya kwalin tsaye.

Na dubi ɗaya akwatin, na waɗanda ban ƙona ba. An zube musu tsutsa a faranti, suna jan ciki a kwance, kwaɗin na tsinta da kansu.

Na tambaye shi me yake yi. Ya ce ciyarwa, ranki ya daɗe, yana mamakin ganina. Wai waɗanda aka ƙona ba sa iya ci da kansu sai sun yi wajen mako uku, amma waɗanda aka buɗe kawai kwana biyu sun ware. Don haka waɗannan a hannu yake ba su, safe da yamma, har su ji ƙarfi.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Ai tun farko."

Na ce masa ya ci gaba da aikinsa. Na hau ofis na kulle ƙofa. Har aka buga ƙararrawar lacca ta farko ina zaune da makulli a hannu.

Alhamis, 20 ga Maris

Ba komai ba ne. Ciyarwa ciyarwa ce. Kwaɗo ba kare ba ne da za a ce an koya masa wani abu.

Juma'a, 21 ga Maris

Na sauka na same shi, na wanke shi tas. Wa ya ba shi izini? A wace takarda aka rubuta a ba dabbar gwaji abinci a baki kamar jariri? Ya san abin da ya jawo min? Yana tsaye da bokiti a hannu har na gama.

Sannan ya ce, a hankali, ni na sa shi. Wai shekarar farko huɗu suka mutu cikin mako ɗaya, na shigo na same su, na daka masa tsawa a gaban ɗalibai na ce ko a baki zai ba su ya ba su, ba na son in sake ganin gawa a ɗakin nan. Ya ce lokacin ina da cikin Auta, har na dafa wannan teburin don jiri. Ya ce tun ranar kuwa ba a sake mutuwa ba, ko ɗaya.

Da alfahari ya faɗi wannan na ƙarshen. Allah ya sani da alfahari ya faɗa.

Na tuna ranar. Ban so in tuna ba amma na tuna, har warin ɗakin.

Na ciro tsohuwar takardata, shafi na biyu, ƙarƙashin yadda aka yi aiki: "An ciyar da dukkan dabbobin iri ɗaya." Ni na rubuta layin nan. Ban taɓa tsayawa na ga an ciyar da ko ɗaya ba.

Litinin, 24 ga Maris

Ba don na yarda da komai ba, don in toshe wannan ƙofar ne kawai kafin wani ya leƙo ta.

Sababbi goma sha biyu. Shida lafiyayyu, ban taɓa kansu ba, na ce Baba ya ba su a hannu yadda ya saba, tsutsa na reto, safe da yamma, mako uku. Shida na ƙona yau, su kuma ba za su ga tsutsa a hannun kowa ba, niƙaƙƙen abinci za a riƙa ɗura musu da siririyar roba. Haka Uwar-iyayi ta yi wa nata, yana shafi na huɗu. E, na karanta shafi na huɗu. Ranar farko tsallake shi na yi.

Ta iya tsara bayani, ba laifi. Wa ya koya mata?

Baba bai so robar ba, wai wulaƙanci ne. Na ce ba shawararsa na nema ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Bakina ya ja min. Shugaban Sashe ya kira ni ya ji inda amsa ta kwana, ni kuma don in nuna masa ba zaune nake ba sai na gaya masa zancen ciyarwar. Ya tashi ya rufe ƙofa da kansa, ya sa aka kawo min lemo.

Wai abin ai ya zo da sauƙi. In ma gwajin ya juya mana baya, sai a rubuta cewa ma'aikacin ɗaki ne ya saɓa ƙa'ida ba da sanina ba. A ba shi takardar gargaɗi a saka a fayil, dama watan Yuni zai yi ritaya, wa zai buɗe fayil ɗin mai wankin akwati? Ni in fito a matsayin wadda aka cuta, sunana ya tsira, na sashe ya tsira, ga masu duba jami'o'i suna tafe a watan Mayu. Duk yana magana yana gyara zaman biro a kan tebur.

Mutumin nan ko maciji ya haɗiye shi zamewa zai yi ya fito.

Ban ce masa to ba. Amma ban ce a'a ba, na shanye lemon na fito. Wannan ne yake ci na.

Laraba, 2 ga Afrilu

Na gwada rubuta layin, don in ga yadda zai zauna kawai. "Ba da sanin marubuciyar ba, ma'aikacin da ke kula da dabbobin ya riƙa..." Minti biyu bai ɗauke ni ba. Kuma ba duka ne ƙarya ba, ai ban sani ba ɗin.

Shi ma Baban. Shekara ashirin da huɗu yana ganina ina zagaya kwali a tsaye, yana ganin tsutsarsa a tsaye, bai taɓa buɗe baki ya ce ranki ya daɗe ga fa abin da nake yi ba? Wa ya aike shi tausayin kwaɗo? Da ya bar su sun mutu da yanzu ina zaune lafiya.

Na ajiye takardar a aljihun tebur. Ban yaga ba.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Ina guga abin ya faɗo min, har na ƙona wuyan rigar Injiniya.

Shekarar Uwar-iyayi ta biyu ce a wajena. Taron ɗalibai na ranar Alhamis, mu takwas a ɗakin. Ta ɗaga hannu ta ce, Malama, me ya sa waɗanda aka ƙona suke biyo hannuna in na buɗe akwati, sauran kuma guduwa suke yi? Na ce saboda ba su da birki mana, ko sai na zana miki? Aka yi dariya. Ta ce amma kamar jira suke a ba su wani abu. Na ce to uwar-iyayi, ki bari ki gama digirin tukuna kafin ki fara karanta zuciyar kwaɗo.

Daga ranar sunan ya bi ta. Ni na raɗa mata.

Injiniya ya ɗaga rigar ya duba ta haske, ya ce dama ta yi masa kaɗan.

Talata, 15 ga Afrilu

Kwana ashirin da biyu. Na sa Baba ya fita, ni kaɗai, da agogo da littafi.

Na fara da waɗanda na ƙona, masu cin roba. Kwali a kwance: duka shida sun bi, sun warke sarai. Kwali a tsaye: na farko ya ƙame. Na biyu ya ƙame. Na uku ya sunkuya ya kumbura. Har shida babu wanda ya ko juyo. Na ƙone musu birki da hannuna, kuma ga su nan suna taka birki.

Sai lafiyayyun Baba, waɗanda ko allura ba ta taɓa ba. Na saka na farko a kofi, na miƙar da kwali, na kunna. Ko zagaye ɗaya bai cika ba ya juyo ya kai cafka har harshensa ya manne a gilashi. Na biyu haka. Biyar cikin shida. Na shidan ma juyowa ya yi ya bi, cafkar ce kawai bai kai ba.

Na rubuta duka a littafi, lamba da lokaci. 

Da na buɗe ƙofa Baba yana zaune a kan bokiti a baranda. Ya tashi ya ce yaya 'yan'uwan nasa suka yi? Na ce sun yi ƙoƙari. Ya ji daɗi.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na yanka sabon kwali, na canja ƙwan fitila, na juya tebur ya kalli ɗaya bangon. Haka dai.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Shekara ashirin da huɗu ina auna hannun Baba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na gaya wa Injiniya duka, har da shawarar Shugaban Sashe. Da ya ji shawarar, ya dube ni ta saman tabarau har sai da na kau da kai. Can ya ce, to amma Farfesa, ba kin ce kwaɗo ba ya koyo ba? Ga shi tsoho ya koya masa cikin mako uku da tsutsa. Na ce in lallashi yake yi ya bari, ban mutu ba.

Na shiga ɗaki na bar shi. Amma abin ya ƙi fita daga kaina. Dabbar da aka haifa tana tsoron abu a tsaye, ta ajiye tsoron cikin kwana ashirin. A ina ta ajiye shi? In aka daina ba ta a hannu, yana dawowa? Bayan kwana nawa?

Ba ruwana. Saura min shekara huɗu in tafi gida, ba zan koma ajin farko da furfura ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Yau na yi abin da ban taɓa yi ba a ginin nan, kuma ban yi nadama ba.

Da safe Baba ya ƙwanƙwasa ofishina. Bai taɓa hawowa sama ba sai in akwati ya fashe. Ya sa rigarsa mai kyau, da takarda a hannu cikin leda. Sakatariyar Shugaban Sashe ce ta buga masa, wai ya sa hannu ya mayar kafin azahar. Na karɓa na karanta. Ni wane, na amsa cewa bisa raɗin kaina, ba tare da izini ko sanin shugabata ba, na saɓa ƙa'idar ciyarwa tsawon shekaru, ina neman afuwa.

Ya ce an karanta masa, ya gane. Ya ce ba musu ya zo yi ba, tambaya ɗaya ce.

"In na sa hannu, aikinki zai tsira?"

Har da biro ya taho da shi.

Ban san lokacin da na sauka matattakala ba. Shugaban Sashe yana da baƙi biyu, ban ko gaishe su ba. Na ajiye masa takardar a kan tebur na ce wa ya sa shi? Ya fara Farfesa ki zauna, Farfesa ai taimakonki ake yi. Na ce mutumin nan abin da na umarce shi ya yi, kuma ya yi shi da kyau fiye da yadda ni da kai muka taɓa yin namu, kwaɗo ko ɗaya bai mutu a hannunsa ba shekara ashirin da huɗu. Na ce in akwai fayil ɗin da za a saka wa takarda, nawa ne, yana kabad na biyu, in bai san wurin ba in nuna masa. Na ce ya sake aika wa ma'aikacina takarda ta bayan idona ya gani.

Baƙin nan sai kallon silin suke yi. Ashe cikin masu duba jami'o'in ne, sun zo share fage. Oho.

Da na koma sama Baba yana nan tsaye inda na bar shi. Na ce ya mayar da bironsa aljihu ya je ya cire rigar nan kafin ruwan akwati ya ɓata ta. Na ciro tawa takardar daga aljihun tebur, wadda na gwada layin nan a kai. Kusan kalmomi ɗaya ne da na sakatariyar. Tawa ma ta fi tsari.

Litinin, 28 ga Afrilu

Na buɗe saƙonnin nan uku na Uwar-iyayi. Na farko gaisuwa ce da cewa gwajin ya ƙi fito mata, ko zan duba hotunan inda ta ƙona, wataƙila hannunta ne. Na uku tana cewa za ta aika wa mujalla amma za ta jira ni wata biyu.

Na biyu layi huɗu ne. A ciki ta ce, Malama, don Allah ko za ki tambayar min Baba yadda yake ciyar da su bayan tiyata?

Watan Yunin bara. Da na buɗe, da tare muka rubuta, da babu edita, babu sanarwa, babu mai dafa min ƙirji a taro.

Ita ma dai, waya ta ƙare ne a duniya? Ba ta san hanyar ofishina ba?

Laraba, 30 ga Afrilu

Na aika wa edita amsa, ƙarfe goma sha ɗaya da kwata. Shafi biyu da jadawali ɗaya. Na ce sakamakonta daidai ne. Na ce bambancin da na gani daga ciyarwa ne, ba daga wurin da na ƙona ba, kuma ni na ba da umarnin ciyarwar ban bi na duba ba. Na ce layin shafi na biyu ba gaskiya ba ne, su janye takardar. Sau huɗu na goge "cikin nadama" na mayar, a ƙarshe na cire, ba gidan makoki ba ne.

Ita kuma na tura mata kwafi, da layi ɗaya a sama: ga amsar tambayarki.

Na dawo gida da wuri na kwanta. Injiniya ya cire wayar gidan daga bango, bai tambaye ni ba.

Talata, 6 ga Mayu

Shida da rabi na isa yau ma. Don in tabbatar Baba ya daina ba lafiyayyun nan a hannu ne kawai, tunda ina so in ga ko tsoron zai dawo. Kwana na shida, bai dawo ba. Ba wani aiki ba ne, ƙirga ce kawai. Dakta, tsohuwar ɗalibata, ta kira jiya, ta ce za ta zo ranar Litinin da nata littattafan in babu damuwa. Na ce ɗakin ƙarami ne. Na dai sa an kwashe kwalayen da ke kan teburin taga, dama sun dame ni.

Ƙarfe goma lacca da 'yan aji biyu. Na manta sarai cewa wannan makon ne, sai da na buɗe littafin darasi na ga inda muka tsaya: shafi na 212. Zanen kan kwaɗo, da 'yar kibiya tana nuna wurin, da sunana a ƙasa cikin ƙananan haruffa. Kowace shekara a nan nake rufe littafi in ba su labarin ranar da na fara gani, su yi ta tafi.

Na daɗe ina kallon shafin har suka fara motsi. Na ce kowa ya ɗauki biro. Na ce daga kan zanen zuwa ƙarshen sakin layi na biyu, a ja layi a soke. Ba wanda ya motsa. Wani daga baya ya ce, Malama, ai naki ne. Na ce na san nawa ne, ba daidai ba ne, kuskure na yi, mako mai zuwa zan kawo muku wanda ya nuna min ya gwada muku da tsutsa.

Wata a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce to me za su rubuta a madadinsa, in ya fito a jarrabawa?

Na ce, "Ku bar wurin fili. Ban sani ba."

Sannan suka sunkuya. Su ɗari da ashirin ne a ajin. Ban taɓa sanin biro yana da ƙara haka ba.